Jagora: Sayen Hedfon Mai Kyakkyawan Sauti da Kuɗi Kaɗan, Gyaransa, da Haɗa Masa Amfilifaya

Tambayoyi uku ne suka fi zuwa mini a kan hedfon, kuma kusan kullum a jere ɗaya suke zuwa. Mutum zai fara da cewa wane amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa hedfon ƙarfin sauti, ya kamata ya saya. Daga nan ya ce kunne ɗaya ya ɗauke, ko zai gyaru? Sai can a ƙarshe ya tambayi wane hedfon ne mai kyau. A ganina an juya jeren ne. Hedfon ɗin kansa ya kamata ya ci kaso mafi tsoka na kuɗinka, soson da ke kwanciya a kan kunne da igiya su biyo baya, amfilifaya ya zo a ƙarshe, shi ma sai in lissafi ya nuna ana bukatarsa. Da wannan jeren zan bi da kai.

1. Ka fara sanin inda za ka riƙa saurare

Manyan hedfon iri biyu ne, mai buɗaɗɗen baya da mai rufaffen baya. Buɗaɗɗe za ka ga raga a bayan kofinsa. Sautinsa a sake yake, kamar ana kiɗan a cikin ɗakin da kake zaune, amma na kusa da kai zai ji duk abin da kake ji, kai ma hayaniyarsa za ta shigo maka. Rufaffe yana tare hayaniya, bes ɗinsa, wato sautin ƙasa mai kauri, ya fi nauyi, sai dai kunne yana gumi a ciki.

In ɗaki shiru gare ka, ɗauki buɗaɗɗe, irin su Philips SHP9500, Koss Porta Pro, ko Sennheiser HD 600 na hannu in aljihu ya kai. In cikin mutane kake aiki, ko kana ɗaukar murya da makirfo, rufaffe za ka nema, kamar Sony MDR-7506, Audio-Technica ATH-M40x ko Beyerdynamic DT 770 Pro.

Gargaɗi: kada ka sayi buɗaɗɗe don shiga mota ko jirgi. Za ka yi ta ƙara murya don danne ƙarar injin, kunnenka ne zai biya.

2. Zaɓi wanda ake samun kayan gyaransa

Nan ne mai ƙaramin ƙarfi yake cin riba. Hedfon mai igiya ba ya tsufa irin na mai batir. Porta Pro tun 1984 ake ƙera shi, MDR-7506 tun 1991, HD 600 tun 1997, kuma har yau ana sayar da sosonsu. Wanda ya shekara goma, in sifikunsa biyu na ciki lafiya suke, sabon soso kawai yake jira.

Tambayoyi uku za ka yi wa duk wanda ya kwanta maka a rai. Ana cire sosonsa, kuma ana samun madadinsa? Igiyarsa ana zare ta, ko a liƙe take? Kofin da sukuru aka ɗaure shi, ko da gam aka manne? HD 600 ana kwance soso, igiya da ragarsa da hannu, ba ko sukundireba. SHP9500 igiyarsa ta yau da kullum ce mai kai na milimita 3.5, kowace irinta za ta shiga matuƙar kanta siriri ne. Shi kuwa DT 770 Pro na asali igiyarsa a liƙe take, ranar da ta tsinke sai an narka dalma. Wannan ba aibi ba ne babba, amma ka san da shi tun kafin ka biya.

Ka lura DT 770 Pro kala uku ne: om 32, om 80 da om 250 (om ma'auni ne na yadda hedfon ke turje wa wutar da ke shigarsa). Suna ɗaya, bukatar wuta daban. In da wayar salula kaɗai za ka saurara, kada ka ɗauki na 250 kafin ka karanta mataki na 8.

Gargaɗi: Porta Pro, MDR-7506 da ATH-M50x suna cikin waɗanda aka fi yi wa jabu. "Sabo" a kwali da farashin da bai kai rabin na kamfani ba, ka bar shi inda ka gan shi.

3. Gwaji kafin ka miƙa kuɗi

Sayen na hannu ba tare da gwaji ba sayen kifi a ruwa ne. Ka tanadi waƙa ɗaya da ka sani ciki da bai, da manhaja mai fitar da sauti daga ƙasa zuwa sama, sannan in da hali ƙaramar mitar auna wuta ta masu gyara. Ka bi wannan jeren.

Na farko, ka mai da sautin waya zuwa mono, yadda kunnuwa biyu za su karɓi abu ɗaya. Muryar mawaƙi ta tsaya cak a tsakiyar kanka. In ta karkata hagu, juya hedfon ɗin ka sa shi baibai. In karkatar ta koma dama, laifin hedfon ne. In ta tsaya a hagu, kunnenka ne, kuma wannan wata magana ce daban.

Na biyu, ka saki sautin gwaji da matsakaiciyar murya, ka tafi da shi a hankali daga haz 20 zuwa haz 200 (haz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne). A nan ne duk wani kaɗawa ko zizar ƙudan zuma yake bayyana. Yawanci gashi ne ya faɗa kan tantanin sifika, kuma yana fita. Wani lokaci kuwa koyil, wato siririn zaren wuta da aka naɗe a cikin sifika, shi ne yake gugar bango, shi kam ba ya gyaruwa. Tunda ba za ka iya bambancewa ba sai an buɗe, ka rage tayi sosai ko ka haƙura.

Na uku, waƙa na tafiya, ka riƙa lanƙwasa igiyar a wuri uku: gindin filogi, inda ta rabu biyu, da inda ta shiga kofi. In sauti yana ɗaukewa yana dawowa, igiya ce. Kada wannan ya kore ka. Ita ce matsala mafi arha, kuma hujja ce ta neman ragi.

Na huɗu, ka duba mahaɗar kofi da bakan da ke bisa kai, a cikin haske. Tsagewar roba a wannan gaɓa ta fi tsinkewar igiya muni, don gam ba ya daɗewa a wurin da ke lanƙwasa kullum.

Soson da ya mutu ko ya fara zubar da ɓawo ba dalilin fasa ciniki ba ne. Ka dai binciki kuɗin sabo ka cire shi daga abin da za ka biya. A wasu hedfon masu arha, soson asali yana iya cinye kaso mai yawa na kuɗin hedfon ɗin kansa.

4. Soso: gyaran da ya fi canza sauti

Mutane suna ɗaukar soso abin jin daɗin kunne ne kawai. Shi ne yake tsayar da tazara tsakanin sifika da kunnenka, shi ne kuma yake toshe iska. In ya lotse, sifika ta matso, sauti ya dusashe. In ya daina toshe iska a rufaffen hedfon, bes ya zurare. Ko sandar tabarau tana iya buɗe kafar da bes zai ragu.

Na karammiski ana wanke shi: ka cire, ka jiƙa a ruwa mai ɗumi da sabulu kaɗan, ka matse a cikin tawul ba tare da murɗawa ba, ka shanya a inuwa har ya bushe ƙayau. Kada ka mayar da shi da danshi. Na fatar roba, irin na MDR-7506, in ya fara ɓarewa babu magani sai sauyi.

Gargaɗi: kada ka sauya karammiski da fata, ko siriri da mai kauri, kana zaton sautin zai tsaya yadda yake. An daidaita kowane hedfon ne da irin sosonsa. In sautin asali kake so, nemi soson asali ko mafi kusa da shi a kauri da yadi.

5. Kunne ɗaya ya ɗauke: gano wurin kafin ka yanka komai

Ka fara da abin da ba ya cin ko sisi. Gwada shi a wata na'urar. Goge filogin da auduga da ɗan sifirit. Duba ramin waya ko ƙura ta cika shi. In igiyar mai zaruwa ce ta kunnuwa biyu, musanya hagu da dama: in shirun ya bi igiyar, ka gama bincike, sabuwar igiya kawai za ka saya.

In ba haka ba, ɗauko mita ka sa ta a ma'aunin om. Filogi mai zobe biyu kashi uku ne: tsini na kunnen hagu, tsakiya na dama, gindi kuma na haɗaka ne, wato wanda kunnuwan biyu suke komawa ta kansa. Auna tsini da gindi, sannan tsakiya da gindi. Kowanne ya ba ka adadi kusa da wanda aka rubuta wa hedfon ɗin, misali wajen 60 a Porta Pro, kuma su biyun su yi kusan daidai. In mita ba ta nuna komai a ɓangare ɗaya ba, hanya ta yanke a can.

Saura ka san ko igiya ce ko sifika. Cire soso, kwance sukurori, ka ɗaga sifikar a hankali, ka auna kai tsaye a kan ɗigon dalma biyu da ke bayanta. In adadi ya fito, sifika lafiya, igiya ce. In bai fito ba, koyil ya tsinke. Sai a nemi sabuwar sifika in kamfanin yana sayarwa, ko a sayi wani mataccen irinsa a ciro.

Gargaɗi: akwai maganaɗisu mai ƙarfi a sifikar. Yana fizgar sukundireba, kuma fizga ɗaya ta isa ta huda tantanin. Ka riƙe da kyau, ka ajiye sukurori nesa.

6. Sauya filogi

Mafi yawan tsinkewa a gindin filogi take faruwa, don nan ne ya fi shan lanƙwasa a aljihu. Kayan aiki: ƙarfen narka dalma mai siririn baki, dalma siririya mai mai a cikinta, sabon filogi na milimita 3.5 mai murfin da ake murɗawa, reza, robar nan mai tsukewa in ta ji zafi, da mita. In ba ka da ko ɗaya daga ciki kuma hedfon ɗin mai arha ne ƙwarai, kai wa mai gyara ya fi sauƙi. In kana da hedfon biyu ko uku, kayan za su mayar da kuɗinsu.

Yanke igiyar kamar santimita uku sama da tsohon filogi. Kafin ka yi komai, zura murfin sabon filogin da robar tsukewa a jikin igiyar. Na faɗa da wuri ne saboda babu wanda bai taɓa mantawa ba: ka gama aiki tsaf, ka waiwaya ka ga murfi a kan tebur yana kallonka.

Fere bayan igiyar kamar santimita ɗaya da rabi. Za ka tarar da zaruruwa uku ko huɗu masu launi. Galibi ja na dama ne, kore ko shuɗi na hagu, mai launin tagulla na haɗaka, amma kada ka dogara da launi, don kamfanoni ba su yi yarjejeniya a kai ba. Mita za ta raba gardama.

Ga inda yawancin masu koyo suke faɗuwa. Launin nan fenti ne mai hana wuta wucewa, dalma kuma ba ta kama shi. Kada ka kankare da reza, zaruruwan za su tsittsinke. Kada ka ƙona da ashana, toka za ta hana dalma zama. Ka sa ƙarfen a wajen digiri 380 na Salsiyas, ka tara ɗigon dalma a bakinsa, ka tsoma ƙarshen zaren a ciki na 'yan daƙiƙu har fentin ya narke, bakin zaren ya koma fari kamar azurfa. Farin zaren da ke tsakiya kuwa ka datse shi tun farko.

Yanzu auna. Zare biyun da suka ba ka ninki biyu na adadin hedfon, su ne hagu da dama, na ukun shi ne haɗaka. In huɗu ne, kowane kunne da nasa biyu, sai ka haɗe na komawa guda biyun a gindi. Don sanin wanne ne hagu, sa hedfon a kai ka taɓa zaren da bakin mita, za ka ji ɗan ƙas a kunnen da abin ya shafa.

Shafa wa ƙafafun filogin dalma tukuna, sannan ka ɗora zare ka taɓa da ƙarfe daƙiƙa biyu. Gwada sauti kafin ka rufe. In muryar mawaƙi ta ɓace, kiɗa ya zama kamar daga cikin rijiya, haɗaka ce ba ta kama ba. In komai daidai, matse maƙallin filogin a kan bayan igiyar, ba a kan zaruruwan ba, ja robar ka tsuke ta, ka murɗa murfi.

Gargaɗi: in aikin ya kai ka kan bayan sifika, sauke zafi zuwa wajen digiri 320 zuwa 350, kuma kada ƙarfe ya wuce daƙiƙa biyu zuwa uku. Zaren koyil da ke maƙale a wurin siriri ne kamar gashi. Na taɓa tsayawa ina gyara ɗigon dalma don ya yi kyau a ido, sai wurin ya ɗago gaba ɗaya da zaren. Igiya na je gyarawa, sifika na kashe. Ka buɗe taga kuma, hayaƙin ba na shaƙa ba ne, ka wanke hannu in dalmar mai gubar darma ce.

7. Ziza da lotsewar tantani

In ziza ce, cire soso da siririn kumfan da ke ƙarƙashinsa, ka haska fitila. Gashi ɗaya tak ya isa. Zare shi da hantsaki, zai fi kyau na roba saboda maganaɗisu. Kada ka hura da iska mai ƙarfi.

In tantanin ya lotsa, ɗauki ɗan salatif na takarda, ka manna a bayan hannunka sau biyu don ƙarfinsa ya ragu, ka taɓa wurin a hankali ka ɗago. In sau uku bai tashi ba kuma sautin bai canza ba, ƙyale shi. Garin neman gira ake rasa ido.

8. Lissafi: kana bukatar amfilifaya kuwa?

Adadi biyu za ka nema a takardar hedfon. Ɗaya om, ɗaya kuma yawan desibel, wato ƙarfin sauti, da yake bayarwa a miliwat ɗaya na wuta. Mutane om kaɗai suke kallo, alhali na biyun ya fi faɗin gaskiya.

Ƙa'idar ita ce duk ƙarin desibel 3 yana bukatar ninka wuta sau biyu. Ana auna bukata da desibel 110. Ba wai a nan za ka saurara ba, sarari ne ake bari don dukan ganga na farat ɗaya kada ya shaƙe.

Ɗauki Porta Pro: desibel 101, om 60. Daga 101 zuwa 110 tsalle uku ne, wato miliwat 2, 4, 8. Don sanin bolt nawa ke nan, mai da miliwat zuwa wat, ka ninka da om, ka nemi tushen murabba'i: 0.008 sau 60 ya ba da 0.48, tushensa kusan 0.7. Bai kai bolt ɗaya ba. Amfilifaya a nan ɓarnar kuɗi ne.

Ɗauki DT 770 Pro mai om 250, desibel 96. Yana neman wajen miliwat 25. To 0.025 sau 250 ya ba da 6.25, tushensa bolt 2.5. Wannan kam ya fi ƙarfin yawancin wayoyi.

Sai Fostex T50RP Mk3: om 50 kacal, wanda zai sa ka ɗauka mai sauƙi ne, amma desibel ɗinsa 92. Tsalle shida, miliwat 64, bolt kusan 1.8. Ƙarancin om bai hana shi ƙishirwar wuta ba.

Gargaɗi: wasu kamfanoni a bolt ɗaya suke rubuta desibel, ba a miliwat ɗaya ba. AKG K702 misali ne, desibel 105 a bolt ɗaya. A irin wannan, ninka bolt sau biyu yana ƙara desibel 6. In ka gauraya ma'aunan biyu, lissafi zai ɓace.

Wanda lissafi bai dame shi ba, ga gwaji: in a kashi 60 zuwa 70 na murya ka ƙoshi, kuma bes ba ya tsagewa, ba ka bukatar ƙari.

9. Zaɓe da haɗawa

Fara daga ƙasa. Ɗan ƙaramin adafta na USB-C zuwa ramin hedfon yana ɗauke da DAC, wato abin da ke mai da lambobin kwamfuta sauti, da ƙaramin amfilifaya. Na Apple da ake sayarwa a Amurka yana ba da wajen bolt ɗaya, na kasuwar Turai kuwa wajen rabin haka, don haka ka duba wanne ne a hannunka. Akwai adaftoci masu bolt biyu, su sun ishi mafi yawan hedfon. In lissafinka ya wuce nan, sai ka hau zuwa na tebur, irin JDS Labs Atom, Schiit Magni, ko ƙananan na FiiO da Topping. A ra'ayina, amfilifayan da ya fi hedfon ɗinka tsada kuɗi ne da aka sa a inda bai dace ba.

Ka duba adadin om na mafitar amfilifayan. Kada ya wuce kashi ɗaya bisa takwas na hedfon: mai om 32 yana son mafita ƙasa da om 4, mai om 300 zai jure har 37. In aka saɓa, bes yakan kumbura ya yi laushi. Shi ya sa ramin hedfon na tsofaffin manyan amfilifayan sifika, da wasu masu kwalaben fitila da ake kira tube, suke dacewa da HD 600 amma su ɓata sautin mai om 32.

Wajen haɗawa, kashe murya gaba ɗaya, sa maɓallin ƙarfi, wanda ake rubuta wa gain, a ƙarami, kunna amfilifaya, sannan ka cusa hedfon, ka ɗaga a hankali. Muryar kwamfuta ta kasance kusa da ƙarshe, ka riƙa sarrafawa daga amfilifaya. In ka ji kunne ɗaya ya fi ɗaya a can ƙasan maɓalli, halin irin wannan maɓallin ne. Rage muryar kwamfuta kaɗan don ka samu damar murɗa shi sama.

Gargaɗi: ramin milimita 4.4 ko 2.5 da wasu na'urori ke da shi, kowane kunne da hanyar komawarsa daban. Kada ka sa adafta ka cusa hedfon mai zare uku a ciki. Za ka haɗe hanyoyin da bai kamata su haɗu ba, amfilifayan na iya ƙonewa.

Gargaɗi na biyu: tsaftataccen sauti ba ya sa kunne jin zafi da wuri, sai mutum ya yi ta ƙarawa bai sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar babban mutum a desibel 80 na awa 40 a mako. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. In ka cire hedfon ka ji kunne na ƙara, ka wuce gona da iri.

10. Ikwalaiza, kafin ka sake sayen wani abu

In sautin sama yana sukar kunnenka ko bes bai ishe ka ba, amfilifaya ba zai gyara wannan ba. Aikin ikwalaiza ne, wato manhajar da ke ƙara ko rage wani sashe na sauti, kuma ba sai ka kashe kuɗi ba. A Windows akwai Equalizer APO, a Android akwai Wavelet, sannan AutoEq ya tara saitin hedfon masu yawan gaske da aka riga aka auna, sunan naka kawai za ka nema. Saitin an yi shi ne da sabon soso na asali, don haka in ka sauya soso zuwa wani iri, ba zai zauna daidai ba.

Duk desibel ɗin da ka ƙara wa bes, ka rage kwatankwacinsa a babban ma'aunin shiga na manhajar, wanda ake rubuta wa preamp, in ba haka ba sauti zai tsage. Wannan ragin yana cin murya. In ka ɗaga bes da desibel 6, bukatar wutarka ta ninka sau huɗu, sai ka koma mataki na 8 ka sake lissafin da sabon adadin.